Hayaƙin Bandar Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan makwancinki ya yi sanyi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana, shi ya sa na rubuta ta inda jama'a za su gani.

Inna, na buɗe shagon kifi a Daura. Ni ɗin nan da kika sani, mai toshe hanci in kin shigo ɗaki. Da kina raye da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ɗan ƙaramin shago ne can bayan rijiyar Kusugu, firiza ɗaya, tebur da wuƙa biyu. Kifin ƙanƙara nake sayarwa, ranar da aka kawo ɗanyar tarwada kuma in saro. Ni kaɗai nake buɗewa, ni kaɗai nake rufewa.

Ba iyawata ta jawo masu saye ba, sunanki ne. Matan garinmu Sandamu da ke aure a nan su suka baza cewa 'yar mai banda ta buɗe shago. Kullum sai sun tambayi yaushe zan fara banda irin taki, ni kuwa in ce nan gaba kaɗan. Kunya ta hana ni in ce ban iya ba.

Makon jiya wutar unguwarmu ta lalace. Kwana biyu ƙanƙara ta narke, kifi ya fara saki, in ban kyafe shi ba shago ya tashi. Na samo rabin duro da raga, na lanƙwasa tarwada, na soke wutsiya a baki da tsinke yadda na tuna hannunki yana yi. Har na fara jin kaina. Itace kuwa na ɗebi na darbejiyar ƙofar shago, tunda shi ne a kusa.

Kifi ya fito ja wur, gwanin kyau. Na sa a baki, ɗaci kamar maɗaci. Na zauna a gabansa har la'asar, ba mai cewa sannu. Wallahi ba kifin na yi wa kuka ba, kewarki ce ta kama ni.

Na je Sandamu wurin Gwaggo Hanne, ƙanwar Baba. Ta ce ta dai san kina haɗa itace iri biyu, kina yayyafa wani abu a garwashi, amma ba ta taɓa tambaya ba. Duk gidan da na shiga amsar ke nan.

Ni kuwa kin so ki faɗa mini. Ina aji shida, na dawo makaranta a fusace, yara sun yini suna ce mini mai ƙarni. Kika ce, "Ke, zo ki zauna ki gani. Banda ba wuta ba ce, hayaƙi ne, kuma hayaƙin nan sai an haɗa..." Ban tsaya jin ƙarshen ba, na fice. Na laɓe a zaure ina jira ki kira ni in dawo. Ba ki kira ba.

Shekara da shekaru na riƙe ki a raina, na ɗauka ba ki damu ba ne. Sai yanzu na gane. Ni ce 'yar fari, bakinki bai taɓa iya faɗin sunana ba, "ke" kuwa ba ta kai zaure.

Gobe zan gwada itacen marke, jibi in gwada ƙirya, har in dace ko shagon ya gagara. Ki yafe mini, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya haɗa mu inda za ki ƙarasa mini maganar, ni kuma in zauna har ki gama.

'Yarki ta fari,
Rakiya