Kyauta, Yuro Ashirin

Jabinyana, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Munsif,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Samira da yara. Ya sanyin Faransa? Ƙafar taka ta daina kumburi? Mu nan sai godiyar Allah.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. A waya ba ka barina in kai aya, da na ambaci gidan matsar zaitun na Baba sai ka ce kana bakin aiki. Takarda dai ba a kashe ta.

Injin ya tsaya. Ranar Litinin muka tayar da shi gwaji kamar yadda muke yi kafin kowace kaka, ya yi gurnani sau biyu, sai ƙaurin ƙonewa. Kawu Bashir makanike ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yata, ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa shi ce ta ƙone. Wannan fa tsohuwar hannu ce, masu ƙera ta ma na jin sun riga mu gidan gaskiya." Na zaga birnin Safakus kaf ban samu ba. Wani dillali a Tunis ya ce zai kawo nan da wata huɗu, kamar zaitun zai zauna a bishiya yana jiransa.

Lutfi mai shagon waya ne ya samo mini ita a intanet, wajen wani Bature mai sayar da kayan inji na hannu a ƙasar Folan. Yuro dubu ɗaya da ɗari takwas. Kuɗin aikowa kaɗai ɗari da sittin, a kan abin da bai kai tiren shayi ba. Na ce wa Lutfi ya tambaye shi ko kujera zai saya mata a jirgin. Ka san a dokar ƙasar nan dinarinmu ba ya tsallake teku, don haka na sayar da awarwaron da Inna ta bar mini, na ba Lutfi kuɗin, wani ɗan'uwansa a Jamus ya biya da katinsa.

Da aka zo wajen rubuta darajar kaya a jikin kwalin, Lutfi ya ce, "Haba Anti, so kike kwastan su yanka ki? Ki ce ya rubuta kyauta, yuro ashirin. Kowa haka yake yi, har surukin liman." Baturen sai da ya tambaya sau biyu wai ko na tabbata. Har dariya ya ba ni.

Na san za ka ce me ya hana in sa a kai gidanka, ka ba wani mai tahowa a jirgin ruwa. Ban manta abin da ka faɗa a tsakar gida a watan Agusta ba, ranar da kake raba wa dangi saƙonninsu daga akwatinka: "Ni fa ba gidan waya ba ne." Na ji, na kuma riƙe.

Ban kuma manta alkawarin da ka sa na yi a gaban Kawu Bashir ba, cewa duk kakar da injin bai juya ba, a sayar wa Alhaji Mabruk mai sabon gidan matsa. Kaso biyu naka ne, ɗaya nawa, ba ni da bakin hana ka. To ka kwantar da hankalinka, sun ce kwana goma. Galan ɗinka na man farko zai iso maka kamar kullum.

Ka gaida Samira, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Najiba

Jabinyana, 15 ga Nuwamba

Munsif,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya a wajenku. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ga shi.

Kwana goman nan yau kwana arba'in. Lutfi ya sa mini lambar bin sawun kwalin a waya, na zama kamar mai jinya, ina dubawa kafin in yi alwala. Kwalin nan ya ga duniya fiye da ni. Ya kwana a Jamus, ya kwana a Faransa, kusa da kai ma, sannan ya sauka Tunis ya zauna.

Da farko kamfanin aikowar suka ce adireshin bai cika ba. Na rubuta musu abin da kowa ya sani: gidan matsar marigayi Tahir, bayan masallaci, daura da mai burodi. Wai sai sunan titi da lambar gida. Shekara hamsin manoma na zuwa da jaki da mota ba wanda ya taɓa ɓata. Sati guda ya tafi a kan wannan.

Daga nan aka ce kwastan sun riƙe. Na hau motar haya tun asuba na je Tunis. Jami'in wani dattijo ne mai furfura, bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ɗaga ƙwaƙwalwar a gabana, Munsif, na gan ta da idona, tamkar sabuwa a cikin leda, tsakanina da ita taku biyu. Ya ce, "Baiwar Allah, wane masoyi ne ke aiko wa mace wannan kyauta? Kuma yuro ashirin? In haka ne ni ma a sayo mini biyu." Ya ce in kawo rasit na gaskiya da shaidar banki ta yadda na biya, in biya haraji da tara, in ɗauki kayana.

Rasit Bature ya turo. Shaidar banki kuwa daga ina? Sunan da ke kan biyan na ɗan'uwan Lutfi ne, shi kuma da ya ji kalmar kwastan sai ya daina ɗaga waya. Lutfi ya ce, "Wallahi Anti ban taɓa ganin haka ba, takalma da agogo duk wucewa suke." Na ce masa injin Baba ba takalmi ba ne. Kowace rana kuma kamfanin na lissafa mini kuɗin ajiya. Sau uku ke nan ina zuwa Tunis ina dawowa hannu rabbana.

An fara karkaɗar zaitun tun makon jiya. Ka san ba ya jira, kwana uku a buhu ya fara tsami. Mutanen da iyayensu suka yi layi a ƙofar Baba yanzu ta gabana suke wucewa da motocinsu zuwa wajen Alhaji Mabruk. Wasu suna ɗaga mini hannu, wasu suna kau da kai. Tsohuwa Mabruka ta riƙe buhunanta kwana huɗu saboda ni, sai da na je da kaina na ce ta kai can kada ta yi asara. Ta yi kuka, ni ban yi ba sai da na dawo gida.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baturen yana da guda ɗaya da ta rage. Ka saye ta da katinka, a kai gidanka, ka ba duk wanda zai hau jirgin ruwa daga tasharku ta Marsiliya, da rasit ɗinta a hannu. Ko a tsakiyar Disamba ta iso, zan tsira da rabin kaka. Tun da Baba ya rasu ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙe ka. Ka zama gidan waya sau ɗaya.

Ina jiran amsarka. Gaisuwa ga mutanen gida.

Yayarka,
Najiba

Jabinyana, 21 ga Disamba

Munsif,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kuna lafiya.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi sau uku ko zan ji wani abu daban. "Yaya, kada mu zuba ruwa a rariya." Ambulan ɗinka ma ya iso, da takardar wakilcin da ka ba lauya don ya sa hannu a kan sayar da gidan matsa a madadinka. Kwana biyar ya yi a hanya. Ashe akwai abin da ke tsallake tekun nan da sauri.

Bari in ƙarasa maka labarin kwalin, tunda ba ka tambaya ba. Da wa'adin ajiya ya cika ban kawo shaidar banki ba, sai kamfanin suka ce ko in bar shi, ko a mayar wa mai shi ya dawo mini da kuɗina. Na zaɓi a mayar. Na sake biyan kuɗin aikawa, har ya fi na zuwa. Ya bar Tunis ranar biyu ga wata, ya sauka wani wuri a Turai, daga nan lambar ta yi shiru. Bature ya ce bai ga komai ba, kuma ba ya mayar da kuɗi a kan kayan da bai riƙe a hannunsa ba.

Na sa Lutfi ya rubuta wa kamfanin. Suka amsa cikin ladabi, suka ce lallai kaya ya ɓata a hannunsu, suna ba da haƙuri, kuma za su biya cikakkiyar darajar da aka rubuta a jikinsa. Yuro ashirin. Na koma wa Bature ina zafi, sai ya turo mini hoton saƙona na watan Oktoba, inda na ce masa na tabbata.

Wa zan zaga, Munsif? Na nema na rasa. Jami'in aikinsa ya yi. Baturen sau biyu ya tambaye ni. Da bakina na ce awarwaron Inna yuro ashirin ne, aka kuma yarda da ni. Garin neman gira na rasa ido. Amma kai ma ka sani, da ka ce mini to a watan jiya, da yanzu injin na juyawa. Wannan ba zan yafe maka da wuri ba, gara in faɗa maka a takarda da in riƙe a ciki.

Zaitun ɗin gonarmu na kai wajen Alhaji Mabruk. Na bi layi kamar kowa. Ya aiko a shigar da ni gaba, na ƙi.

Ka gaida yara.

Najiba

Jabinyana, 30 ga Janairu

Zuwa ga Munsif,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan ta same ku lafiya.

An gama. Ranar Talata muka sa hannu, ni da lauyanka da Alhaji Mabruk. Kasonka zai zauna a banki har ka zo, ka san shi ma ba ya tsallake teku. Alhaji ba matsa zai yi a wurin ba, ɗakin ajiyar buhuna yake so. Injin kuwa masu sayen ƙarfe suka zo suka auna shi a kilo. Kawu Bashir ya ƙi kwance shi. Ya ce, "Shekara talatin ina ba shi mai, ba ni zan yi masa fiɗa ba. Ku nemo wani." Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi, har yau bai sake bi ta layin ba.

Kana tuna yadda Baba ke zaunar da mu a kan buhuna ranar da man farko ya fito, ya yago burodi mai zafi ya tsoma, ya ba ka kafin ni, kai kana tari saboda ya kama maka maƙogwaro? Ranar Talata da na zo rufewa, ƙamshin nan yana nan a jikin bango. Ban san shekara nawa zai yi yana jure wa buhuna ba.

Galan ɗinka na bana babu. Man da na samu ba na gidanmu ba ne, in ka so irinsa akwai a kantunan garinku, ya ma fi araha in ka haɗa da kuɗin aikawa.

Abin da ke cikin wannan ƙaramin kwalin mabuɗin ƙofar ne, babban, mai igiyar da Baba ya ɗaura. Alhaji ya canza kwaɗo, ya ce ba ya buƙata. Kaso biyu naka ne, don haka kai ya fi cancanta ka riƙe. Yarinyar da ke gidan waya ta auna shi, ta miƙo mini takarda ta ce, "Mama, ki rubuta ko mene ne, da darajarsa, saboda ko zai ɓata." Na daɗe riƙe da biron. In ya iso ka duba jikin kwalin, za ka ga na rubuta kyauta, yuro ashirin. Wannan karon ba wanda ya tambaye ni ko na tabbata.

Allah ya raya maka zuri'a.

'Yar Tahir mai gidan matsa,
Najiba