Na Saka Wa Mai Kitsona Kuɗi A Jaka, Aka Karya Mata Yatsu

Assalamu alaikum matan wannan gida. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, don rabin matan unguwarmu ta Gesse suna cikin gurup ɗin nan, waɗanda suka ga bidiyon kuma za su gane maganar ko ban kama suna ba. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma ranar Litinin ake jirana a ofishin 'yan sanda.

Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, shekarata goma sha ɗaya da aure, yarana uku, iyayena suna Argungu. Ina da gashi mai cika da tauri, irin wanda mai kitso ke gani ta fara neman uzuri, ga shi kaina ba ya ɗaukar zafi, ga ni da saurin hannu da saurin baki, wannan ba sai an faɗa muku ba, ni da kaina na sani. Na yi faɗa da masu kitso sun fi a ƙirga kafin Allah ya haɗa ni da wata a wani salun da ke Badariya. Zan kira ta Rifkatu, ba sunanta ba ne. Mutuniyar Filato ce, uwar yara huɗu, mijinta malami ne a wata makarantar kuɗi, sun daɗe a Kebbi har Hausarta ta koma tamu sak. Shekara huɗu ita ke taɓa kaina. Za ta yi awa uku tana yarfa min ƙananan kitso ban ce wash ba, wani lokacin har barci nake yi a kan gwiwarta.

To mai shagon, wadda kowa ke ce wa Madam, tana da doka. Duk abin da kwastoma ta ƙara a kan kuɗin aiki, na shan ruwa ko ɗan ihsani, ba a miƙa wa mai kitso a hannu. Akwai wani babban gwangwanin madara a kan kanta, a ciki ake jefawa, ƙarshen wata a buɗe a raba daidai da kowa, har ita Madam ɗin. Ni kuwa tun farko abin bai kwanta min ba. Ya za a yi wadda ta ƙare bayanta a kaina a raba haƙƙinta da wadda ta wuni tana danna waya? Sai na samo dabarata. In an gama sai in ce Rifkatu ta raka ni in tari kabu-kabu, a bakin titi in dunƙule abin da ya sawwaƙa in sa mata a tafin hannu. Ta sha ce min tana tsoron ranar da Madam za ta gane, ni kuma in ce kuɗina ne, wanda na ga dama nake ba.

Ana jibi ƙaramar Sallah maigidana ya samo bandir ɗin sababbin dubu-dubu daga banki, ya raba biyu, ya ba ni rabi, ya aika wa yayarsa rabi saboda barka da Sallar yara. Wannan yayar tasa ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, Hajiya Yaya muke ce mata, a gidansu in ta yi tari kowa sai ya gyara zama. Washegari na je kitso da sassafe don da azahar za mu wuce Argungu. Ana ƙarasa min sai ga Hajiya Yaya ta shigo da 'yammatanta biyu, su ma wankin kai da kitso. Shago ya cika maƙil, mata har a ƙasa, Madam ta kafa kujera a bakin ƙofa tana karɓar kuɗi, Rifkatu kuma kafin in miƙe an riga an zaunar mata da wata. Ba halin rakiya. Da na shiga lungun da ake rataye kaya ɗaukar hijabina sai na ga jakarta, na san ta sarai, baƙa ce mai lalataccen zif. Na zaro sababbi biyar na cusa can ƙasa, da niyyar in kira ta a hanya in ce ta duba, goron Sallarta ne. Na gaida Hajiya Yaya na fita.

Muna daidai Ambursa wayata ta yi ƙara, na duba na ga Madam ce. Zuciyata ta ba ni cewa ta gan ni ne, za ta yi min wa'azin gwangwani, na yi tsaki na kife wayar. Ta sake kira, ta sake, ban ɗauka ba. Yara suna faɗa a bayan mota, muka isa gida aka shiga hidimar suya da gaishe-gaishe, wallahi na manta da kiran Rifkatu kwata-kwata. Wannan kiran da na ƙi ɗauka shi ne yake cina har yau.

Sai washegarin Sallah wata maƙwabciyata ta turo min bidiyo, ta rubuta wai in zo in ga mai kitsona. Abin da ya faru, kamar yadda na gani a bidiyon da kuma yadda maƙwabciyar ta ba ni labari don tana wurin, bayan fitata Hajiya Yaya ta buɗe jakarta ta ce sababbin kuɗinta ba su nan. Ta tada shagon, ta sa Madam ta kulle ƙofa, aka fara caje ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan jakar Rifkatu aka zazzage, sababbi biyar suka faɗo. Hajiya tana da sauran 'yan ƙwaya a jakar hannunta, babbar 'yarta ta haɗa lambobin, suka ga suna bin juna, ba mamaki tunda bandir ɗaya ne. Shi ke nan aka ce an kama ɓarauniya. Rifkatu ta rantse ba ta san da su ba, ta ce ƙila ni ce, a kira ni. Madam ta kira. Da ban ɗauka ba Hajiya ta ce ƙarya ce, so take ta laƙa wa matar ƙanenta, maza ta fito da sauran kuɗin.

'Yan uwa na kalli bidiyon nan sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Hajiya ta fara da mari, 'yammatan suka kayar da Rifkatu, suka yaga mata riga, ƙaramar tana ɗauka da waya tana kai ƙafa. Wata kwastoma da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ma ta cire takalmi ta shiga. Rifkatu ta dafa ƙasa za ta tashi, Hajiya ta ɗauki kujerar katako 'yar tsugunno, irin wadda ake zama a kai a yi kitso, ta sauke mata a hannun dama. Ƙarar da matar nan ta yi har yanzu tana kunnena. Yatsu biyu suka karye, manuni da na tsakiya, waɗanda take kama gashi da su. Madam kuma a take ta ce ta kore ta.

Ban jira kowa ba, na bar yara wurin Inna na hau mota na dawo Birnin Kebbi, kai tsaye gidan Hajiya Yaya. Na shiga da sallama, Allah ya sani da niyyar bayani na je. Na ce mata ni na saka kuɗin, daga rabona ne, an zalunci baiwar Allah. Kafin ta buɗe baki ƙaramar 'yarta ta yi suɓul da baka ta ce ai kuɗin Mama ma an gan su tun ranar, a aljihun bayan kujerar mota. Ashe kwana biyu suna zaune da wannan maganar, suna cin naman kaji, bidiyo yana yawo gari. Na kalli Hajiya ina jiran in ga ko da ɗigon kunya. Sai ta gyara ɗankwali ta ce:

"To sai mi? Wadda ka amsar kuɗɗi ɓoye bayan uwar ɗakinta ai ɓarauniya ta. Ke kuma ki iya bakinki."

Daga nan ban san me na faɗa ba, na dai san na ce mata azzaluma, na ce Allah ya isa. Ta taso ta ɗauke ni da mari. Ni kuma idona ya rufe, flas ɗin shayi ne kusa da ni, na ɗauka na kwaɗa mata a goshi, jini ya wanke mata fuska. 'Yammatan suka rufe ni da duka, suka ja ni a ƙasa har tsakar gida, suka tuge min kitso biyu daga tushe, har yanzu wurin ɗanye ne. Maƙwabta suka raba mu. Aka kira maigida, ya zo ya tarar da yayarsa cikin jini, bai tambayi ba'asi ba ya mare ni, marin farko tun da aka ɗaura mana aure, ya ce in koma Argungu sai ya neme ni. An yi wa Hajiya ɗinki huɗu. Ba na alfahari da abin da na yi, babba ce, kuma ta haife ni a shekaru, amma in na ce muku na yi nadama har zuci na yi ƙarya.

Yanzu ga inda aka tsaya. Mijin Rifkatu ya kai ƙara wurin 'yan sanda a kan duka da ɓata suna. Hajiya ta je ta ce ita aka yi wa sata, ga lambobin kuɗi shaida, ga mutane cike da shago sun gani. Na kira Madam na faɗa mata gaskiya, ta ce ita ba ruwanta, in ina da magana in je in faɗa a can, don ita ma tsoro take ji tunda ita ta kulle ƙofa. Ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya ce bayani a waya ba ya aiki, sai na zo da kaina ranar Litinin na rubuta na sa hannu. In na je, dole in faɗi cewa ni na saka, in kuma faɗi cewa kuɗin Hajiya suna motarta. In ban je ba, Rifkatu ta tabbata ɓarauniya a takarda da kuma bakin mutane.

Shekaranjiya maigida ya zo Argungu. Ya sauko, ya ba ni haƙurin marin, ya ce shi ma ya san an yi zalunci. Ya ce zai biya kuɗin asibiti gaba ɗaya, zai ba Rifkatu jari ta kama wata sana'a, amma a rufe maganar. Ya ce Yaya uwa ce a wurinsa, babbar 'yarta an sa mata rana, in aka ji suna zarya wurin 'yan sanda dangin mijin za su janye. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce min:

"In kin taka wurin nan ran Litinin, ki yi zamanki nan gidanku. Ban iya zama da maccen da ta kai Yaya ga hukuma."

Inna kuka take, ta ce in dubi yarana uku, in bar wa Allah, in yi ta istigfari, wai ai ba ni na ɗaga kujerar ba. Baba bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba, ya dai ce shaidar da aka ɓoye ba ta ruɓewa, tana nan tana jiran mai ita, ya ɗauki butarsa ya fita. Mijin Rifkatu kuma da aka kai masa maganar kuɗi ya ce ba ya so, sunan matarsa yake so a wanke, don yaransu sun daina zuwa makaranta saboda tsokana, ita kuma ba salun ɗin da zai ɗauke ta a garin nan ko hannun ya warke.

Jiya na saci jiki na je gidanta. Na same ta zaune a tabarma, hannu a naɗe an rataya a wuya, fuska a kumbure, tana ƙoƙarin tsefe wa ƙaramar 'yarta kai da hannun hagu, kibiyar tana zamewa. Likita ya ce na tsakiyan ƙila ba zai sake lanƙwasuwa daidai ba. Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, na zaci za ta zage ni, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta roƙe ni in je ba, ba ta ma ambaci Litinin ba. Ta ɗago ta kalle ni ta ce:

"Anti, da kin bari sai bayan Sallah ki ba ni ga hannu. Ai ina nan, ban zuwa ko'ina."

Na karɓi kibiyar na ƙarasa tsefe wa yarinyar, na fito ban iya sallama ba.

To 'yan uwa ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci, zagi ma in na cancanta ku yi. Ina son mijina, ba na son yarana su tashi a hannun Hajiya Yaya, don na san in auren ya mutu can za a kai su. Amma hannuna ne ya shiga jakar nan, kuma ni na kife waya. In je in rubuta in sa hannu in rasa ɗakina, ko in koma ɗakina in bar matar nan da karyayyun yatsu da sunan ɓarauniya? Wadda ta san wata hanya ta uku don Allah ta rubuta, ina nan ina karantawa, yau Asabar.