Sahu Uku

Talata, 3 ga Maris 2015

Kwana goma sha biyu da shiga takaba. Na share ɗakin nan sau uku yau, ba datti, zama ne na kasa. Yaya Dije, yayar Baban Zara, ta ce in zauna kar in cinye tsintsiya.

Ba a kawo mana gawarsa ba. Ƙaramin jirginsu ya faɗi can kusa da iyaka, shi da direban jirgin, a inda soja ba sa iya shiga yanzu. Takarda kawai aka kawo, da Faransanci, da sunansa Alim a sama. Wa ya yi masa salla? Ko yana nan kwance a fili? Wannan ne abin da ke cina.

Juma'a, 6 ga Maris

Jirgi ya wuce da hantsi. Na toshe kunne.

Laraba, 11 ga Maris

Liman ya aiko cewa wanda ya mutu irin wannan mutuwa ba ya bukatar wanka, in kwantar da hankalina. Na yarda da karatunsa. Amma mutumin da bai taɓa barin jana'izar kowa a unguwarmu ta Briqueterie ba, ko ta mahaucin da suka yi faɗa, a ce shi bai samu ko mutum uku a kansa ba?

'Yarmu Zara ta tambaya ko Baba yana ganinmu daga sama har yanzu. Da can haka yake tsokanarta, wai ya hango ta tana satar suya. Na ce ta je ta yi wasa.

Alhamis, 19 ga Maris

Ruwa tun asuba, kwata ta cika har bakin ƙofa. Na zauna ina tuna labarin aikin su Baban Zara a soja.

Yakan ce su huɗu suka fara, da tsohon jirgi ɗaya da na'urar hoto da ake riƙewa ta taga. Ba sa harbi, kallo ne aikinsu: su ɗauki hoton daji da hanyoyi, su faɗa wa sojojin ƙasa inda za su bi da inda za su kauce. Da rikicin 'yan bindiga ya yi zafi aka ƙaro musu mutane da na'urori, har da jirgin da ba kowa ciki.

Shi an ɗauke shi ne don ya san yadda ƙauyukanmu na arewa suke. Labarin da ya fi so, na ji shi ya fi sau ashirin: wata rana hoto ya nuna maza a jere, tsaye cak a bayan gari. Manyansa mutanen kudu ne, suka ce 'yan bindiga ne ke fareti. Ya ce a duba ina suka fuskanta, a duba abin da ke kwance a gabansu. Sallar gawa ce, ba ruku'u ba sujada. Ranar ba a taɓa kowa ba.

Nakan yi masa dariya in ce ya ishe ni da labarin nan. Kaico.

Asabar, 28 ga Maris

Ban ci abinci ba. Yaya Dije ta dawo daga kasuwar Mokolo da kifi, ta yi ta faɗa. Ta ce wani abokin aikinsa, Mijinyawa, ya yi waya, yana so ya zo gaisuwa. Na ce ba na son ganin kaki. Ta ce ai ba ganinsa zan yi ba, akwai labule.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Ya zo bayan la'asar, cikin farin kaya. Ya yi mana ta'aziyya. Sannan ya turo takardar hoto ta ƙarƙashin labule.

"Maman Zara, ba zan iya bar miki ba. Na roƙi izinin nuna miki ne kawai."

Ban gane komai ba da farko, toka-toka ne da ɗigo-ɗigo. Ya ce ɗayan jirginsu ne ya ɗauka, washegarin faɗuwar. Baƙin tabon nan shi ne jirgin. Ya ce in duba gefensa, wajen bishiyar.

Ɗigo a jere. Sahu uku, ɗaya a gaba shi kaɗai. Abu biyu dogaye a kwance.

"Gabas suke kallo," in ji shi. "Yaya Alim ne ya koya mini dubawa."

Mutanen ƙauye ne, ba su san shi ba, sun fito fili a irin wannan wuri. Ba su ma tsaya tambayar wane ne Musulmi a cikin biyun ba. Na sa yatsa na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ashirin da uku. Yaya Dije ce ta zare takardar daga hannuna.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Ashirin da uku. Ina sa su a addu'a, ban san sunan ko ɗaya ba.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Yau ban yi shara ba, mantawa na yi. Na cinye kifin Yaya Dije, ta yi kamar ba ta gani ba.

Muna shanya a tsakar gida jirgi ya wuce. Zara ta ɗaga masa hannu. Ni ban ɗaga ba. Kallo kawai na yi, har ya shige bayan hasumiyar masallaci.