Jan Ɗigo a Bayan Agogon Iska

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan naki? Mu nan sai godiya, amma ba lafiya ba. Baban yara yana asibiti, an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Kin san tsohuwar motar sojan nan mai ƙafa shida da muke tayarwa a gareji, wadda nake gyara wa agoguna da makunnai. Ranar Talata ya fita gwada ta a gangaren bayan gareji. Birkinta da iska yake aiki, kuma agogon iska ya nuna masa tanki a cike. Ya taka birki, babu komai. Motar ta shige katanga. Da na iso, sitiyari ya danne masa ƙirji, ƙarfen gaban motar ya tsaga ƙafar, ƙashi a waje fari fat. Na cusa rigar aikina cikin raunin ina dannawa, jini yana bin yatsuna. Bai yi ihu ba. Ƙarar haƙoransa kawai nake ji.

Shugaban garejin, wanda muke kira Gaggawa, tun kafin a wanke jinin ya gama yaɗa cewa agogona ne ya yi ƙarya. Wai abin da ake samu ke nan idan mace ta bar tukunya ta kama sukudireba. Har bakin gadon asibiti ya kai maganar. Yanzu in na shiga, baban yara sai ya juya fuska bango. Auta, rashin ƙafar zan iya jurewa. Juya fuskar nan ce ke cina.

Amma na ga wani abu a cikin motar. Inji a mace, tanki a fashe, allurar agogon iskan tana tsaye cak a kan cike. Allura mai rai faɗuwa take yi.

Ki gaishe da kowa.

Yayarki,
Mai Allura

Auta ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya gida, ya hidima? Wasiƙarki ta iso da nasiharki ta haƙuri. Na karanta littattafai fiye da ke a kan haƙuri, kuma cikin marubutansu babu wanda ya taɓa riƙe ƙashin mijinsa a hannu.

A ɗakin aikina kanta biyu ce. Ta sama ta agoguna masu rai. Ta ƙasa ta gawa: waɗanda suka mutu murus, nakan manne allurarsu da gam a inda ta fi kyau, don motocin da ake ajiyewa a yi ta kallo, ba su motsi. Kowace gawa ina ɗiga mata jan fenti a baya. Kowa a garejin ya san wannan, har karen maigadi.

Jiya na kwance agogon daga motar. Bayansa koren fenti ne sabo. Na kankare da wuƙa, jan ɗigon ya leƙo. Agogo mai rai ɗin da na miƙa wa Gaggawa da hannuna don motar kuwa, a kwandon sharar ofishinsa na tsince shi, gilashi a fashe. Ashe suɓuce masa ya yi ya fashe, ya ji kunyar faɗa wa mace, ya ɗauki gawa ya fesa mata kore ya ɗaura.

Na same shi a teburin aiki, ma'aikata duk suna nan. Na ɗaga agogon na ce a zo a ga kwalliyar da shugaba ya yi wa gawa. Ya kai hannu zai fizge, na riƙe. Sai ya naushe ni a baki. Haƙorina na gaba ya karye, na tofar da shi a kan takalminsa. Hannunsa yana dafe da teburi, babbar sifana tana kusa da ni, na sauke masa ita. Auta, ƙarar yatsunsa kamar ana karya busasshen kara. Ya durƙusa yana kiran uwarsa, na ƙara masa a kafaɗa. Mai walda ya kama ni ta baya, na ce sake ni ɗan nan, saura hannu ɗaya.

Da suka fita da shi, na ɗauki guduma na bi kantar gawa, ban bar ko ɗaya ba. Gilashi har cikin gashina. 'Yan sanda sun kira ni gobe, mai walda ya ce zai bi ni ya faɗi abin da ya gani. Ban yi nadama ba, kada ki rubuto ki tambaya.

Yayarki,
Mai Allura

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya yara? An ba da belina. Daga can asibiti na wuce.

Na tarar da baban yara a kwance. Na ɗora agogon a kan ƙirjinsa, jan ɗigon yana sama. Ya duba, ya girgiza shi, allurar ba ta motsa ba. Sai ya fara kuka, irin na maza, mai girgiza gado. Ya ce shi bai taɓa zargina ba. Ranar nan tun kafin ya murza makulli ya ga allurar a cike, motar da ta yi shekaru tankinta bai ga iska ba, amma ya tuƙa. Direban da ya tsufa a kan sitiyari! Kunyata ce ta hana shi kallona.

Ni ina can ina karya yatsun mutane don in wanke kaina a wurinsa, shi yana nan yana ɓoye fuska kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Ya kalli bakina ya tambayi haƙorin. Na ce ya bi ƙafarsa. Ya yi dariya har ɗinkin ƙirjinsa ya fara tsatsar jini, nas ta kore ni.

A bakin ƙofa na ce masa ya warke da wuri, sifanar tana nan, kuma ban gama da ita ba. Bai juya bango ba, Auta. Har na fita idonsa yana kaina.

Allah Ya bar zumunci.

Yayarki mai giɓi,
Mai Allura