Giɓi a Sahu

Daga Garba a Gusau zuwa ga yayana Malam Isa a Kucheri. Gaisuwa mai yawa. Ina Inna, ina iyali, ya damina?

Bayan haka, ciwon bayan nan ya sake hali. A da ƙashin baya kawai ke sandarewa da safe, yanzu ko riga ta goge ni sai in ji kamar wuta. Ranar Juma'a ana daidaita sahu, Bawa mahauci ya dafa kafaɗata don in matso. Yaya, na yi ƙara cikin masallaci, ni da ake yi wa ƙaho ba na ko motsi. Bawa ya ce, "Haba Garba, hannu ne fa, ba wuƙa ba!"

Ban ga laifinsa ba, ciwon ba ya ganuwa. Tun ranar ake bar mini fili a sahu dama da hagu, ko akuya za ta iya wucewa. Ni na roƙi haka, ban san shi ma ciwo ne ba.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Inna, kada ka gaya mata. In ka zo, ka miƙo mini hannu, zan daure. Wassalam.