Ƙararrawar Gauraka

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Saƙo daga Legas. Wani Kwamanda Nathan na sojan ruwa. Wai an sayo sabon jirgin yaƙi, za a sa masa suna Gauraka, na uku ke nan. Al'ada ce sabo ya gaji ƙararrawar tsoho, kuma an ce masa tana wurina. Tana wurina mana.

Laraba, 6 ga Maris

Gauraka na farko ban san shi ba, tsufa ya kashe shi. Na biyu nawa ne, shekara goma sha tara a ɗakin inji. Ranar da aka yanka shi aka sayar wa 'yan gwangwan, babu hafsa mai gala ko ɗaya a wurin. Ni na ciro ƙararrawar daga tarin ƙarafa, na sa a kwantena har garejina a McLeansville, nan Amurka. Ina al'adar take a ranar?

Lahadi, 10 ga Maris

Bayan coci matata Yemima ta ce, "Baban Tabitha, nan ko teku babu. Kaji za ka kaɗa wa?" Shekara talatin da aure, ta san inda ke ciwo.

Alhamis, 14 ga Maris

Tsayuwar awa goma a siton da nake aiki. Gwiwa.

Asabar, 16 ga Maris

Kwamanda Nathan ya kira. "Baba" yake ta ce mini. Na zazzage masa duka har na gaji. Gaskiya ba shi ya yanka jirgin ba, lokacin yana firamare. Sai ya tambayi sunayen da ke cikin ƙararrawar. Ashe ya sani: a jirgi akan juya ƙararrawa baki sama, a zuba ruwa, a yi wa jariran ma'aikata baftisma, a zana sunansu a ciki. Goma sha ɗaya ne. Tabitha ce ta bakwai. Yana so ya nemo su duka ranar ƙaddamarwa.

Na gaya wa Tabitha. Da Turanci ta amsa, wai za ta duba aiki.

Asabar, 23 ga Maris

Na goge ƙararrawar, don ƙura kawai. Seth kafinta ya zo ya auna, ban ce masa ya yi akwati ba tukuna. Da muka karkata ta, na haska ciki. Ƙasan sunan ƙarshe akwai fili, zai ɗauki takwas ko tara. A gareji ba wanda za a haifa.