Da injina ya karɓi rancen, ni ya rubuta 'yar aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin Allah ya saka da alheri, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, don zuciyata tafasa take.

Ni matar aure ce a Sheshe, ba mai fita ba ce, ko biki sai an ja ni. Boko iyakata firamare, amma mahaifina Allah ya jiƙansa mai gyaran rediyo ne, shi ya koya min naɗa koyil, wato wayar tagulla da ake naɗawa a cikin taransifoma. A ɗakina nake naɗa ƙananan taransifoma, masu haɗa sitabilaiza da caja su aiko su saya. Ko mita ba na nema, ana jona wuta in na ji kukan koyil na san mai kyau ne ko zai ƙone.

Bara na ji a rediyo gwamnati za ta tsaya wa masu irin sana'ata su sami rance a banki. Na so in sayi injin naɗi mai lantarki, na hannun ya cinye min kafaɗa. Ƙanin mijina, bari in ce masa Yallaɓai, yana da shagon sayar da wayar lantarki a Jakara, shi ya ce Anti kawo in cike miki fom. Aka ce jami'ai za su zo ganin wurin aiki, surukata Hajiya ta ce gidanta ba a shiga, ƙatti ba za su wuce zaure ba. Yallaɓai ya ce ai da sauƙi, a kai injin shagonsa kwana ɗaya su gani. Ni da hannuna na goge shi, na haɗa da koyil ɗina mafi kyau, har dambun nama na ba shi. Bayan wata biyu ya ce sunana bai fito ba, na ce Allah ya sa haka ne alheri.

Sai ga Yallaɓai da mota. Ranar sunan ɗiyarsa ina gindin murhu ina tuƙa musu tuwo, na jiyo matarsa ta taga tana faɗa wa ƙawarta wai Oga ya samu kuɗin masu koyil, ta yi ƙasa da murya, ba ta san kunnena ba. Na tsare mijina, ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa. Ashe da sunan kansa Yallaɓai ya cike fom ɗin, da hoton injina, ni kuma ya rubuta ni 'yar aikinsa. 'Yar aiki fa! Mutumin da ko bakin waya bai iya kamawa ba.

To yanzu jami'an za su dawo Alhamis, sun ce sai sun ga ana naɗi a gabansu, in ba haka ba a karɓe kuɗin a kai shi gaba. Jiya Yallaɓai ya zo ya durƙusa har da hawaye, wai Anti ki rufa min asiri. Hajiyar da ta ce ba a shiga, ita ce yau take cewa in sa hijabi in je shago in zauna gaban maza. Mijina ya ce in na kunyata ƙaninsa in san inda dare ya yi min, bai taɓa gaya min irin wannan ba. Na ce musu to.

Amma ga abin da ke raina. In je, in shimfiɗa tabarma, in jira jami'ai su zauna 'yan kasuwa su taru, sai in miƙa wa Yallaɓai wayar naɗin in ce Oga bisimilla, nuna min yadda ake yi. Wallahi har dariya nake ni kaɗai in na tuna fuskarsa. Sai kuma in tuna aurena, da 'ya'yansa da suke wuni a ɗakina.

'Yan uwa ku faɗa min gaskiya, wanda zai ce in yi haƙuri ya fara gaya min wa ya yi haƙuri da kafaɗata. Ranar Alhamis in naɗa, ko in miƙa masa wayar?